Ɗan wasan da ke mai da kansa abin dariya: gwaninta ce ko zubar da mutunci?

Abban Sadiq: Salamu alaikum 'yan gida. Akwai maganar da nake so mu baje ta yau tunda ranar hutu ce kowa na kusa da waya. Ni a ganina duk cikin barkwanci babu mai tsafta kamar wanda ɗan wasa zai juyo kan kansa ya mai da kansa abin dariya, maimakon ya ɗauko wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba ya ɗora masa. Ku duba marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, tun Disambar 2014 ya rasu amma har gobe in ka shiga motar haya ko shagon caji sai ka ji muryarsa na tashi a wayar wani. Kusan duk fim ɗin da ya fito shi ne makwaɗaicin, shi ne matsoracin, shi ne mai cika baki wanda da an zo fagen fama zai fara waige-waigen hanyar gudu, kuma shi ake ritsawa a jibga. Bai damu da sai ya fito a jarumi ba. Yanzu kuwa buɗe TikTok ka gani, wannan ya kwaikwayi mai in'ina, wancan ya zagi 'yan garin wancan, wata ta kwaikwayi tafiyar gurgu. To ni na fi son wanda zai ce ku yi dariya da ni, ku bar mutane. Amma na ji wasu na cewa wai wannan ma zubar da ƙima ne. Ya kuke gani?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam Abban Sadiq. Na yarda da rabin maganarka, ragowar rabin kuma wlh ban yarda ba. Ka ce ya juyo kan kansa. To tambayata, a ƙasar Hausa akwai wanda kansa nasa ne shi kaɗai? Ba ɗan wasu ba ne? Ba mijin wata ba ne, ba uban wasu ba ne?

Abban Sadiq: Haka ne Hajiya, amma ai sana'a ce, iyalansa sun san abin da yake yi kuma da ita yake ciyar da su.

Maman Ilham: Bari in ba ka abin da na gani da idona ba labari aka ba ni ba. Akwai wani ɗan'uwan maigidana, ba zan faɗi unguwa ba balle suna, yana da ƙiba sosai tun yana yaro, sai ya fara bidiyo a kan ƙibar, ya zauna a kujerar roba ta fashe, ya shiga adaidaita ta karkace, a kawo masa tuwo malmala shida ya share yana gumi yana nishi, mutane suna ta dariya suna turawa. Da kansa ya raɗa wa kansa wani suna na tsokana. Ba a jima ba sunan ya bi 'yarsa har islamiyya, yarinya 'yar aji uku, yara suna binta suna 'yar wane 'yar wane suna buɗe hannuwa suna kwaikwayon cikin babanta. Ranar da uwar ta kawo ta gidana yarinyar ta ƙi cire hijabi ta ƙi cin abinci, wai kar ita ma ta yi ƙiba a sa ta a waya. Yarinyar da ko tsayin teburin ɗinkina ba ta gama wucewa ba. Shi uban yana ganin ai kansa ya zolaya bai taɓa kowa ba. To wa ya biya kuɗin dariyar?

Autan Hajiya: Innalillahi. Anti wannan ya taɓa ni gsky, don ni ma ina ɗan yin bidiyon barkwanci. Amma ku bari in faɗa muku yadda abin yake daga ciki. Zaka zauna ka rubuta labari mai ma'ana, ka nemo abokai, ka ari gida, ka biya mai ɗauka ka biya mai tacewa, ka ɗora, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Washegari ka tsaya gaban waya ka ce ku kalli haƙorana ku kalli wannan baƙin nawa wace mace ce za ta so ni, kafin la'asar komen ya cika. Kuma da zarar an san ka da abu ɗaya shikenan an ɗaure ka, in ka canza sai ka ga ana cewa mu dai ka dawo mana da na da. Masu ba da talla su ma yawan masu kallo suke dubawa, ba ruwansu da me ka yi aka kalla. In kana layif, wato bidiyon kai tsaye, kuma ana turo gift, wato kyautar masu kallo, wanda ya turo shi ke da baki, ya ce maimaita abin nan da ka ce kan hancinka, sai ka maimaita.

Abban Sadiq: To ai ka ga, gara hakan da ka zagi wani.

Autan Hajiya: Yaya ai akwai dalili na biyu ma. Taɓa manya tsada gare shi. Kun manta a Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowanne da tarar naira 10,000 da sharar harabar kotu na kwana 30 saboda bidiyon da suka yi kan gwamnan lokacin? Shi kansa Ibro da kake magana a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace fina-finai ta ɗaure shi wata biyu, mutumin da shi da kansa ya yi aikin gidan yari kafin ya shiga fim. Duk ɗan wasa ya san wannan tarihin. Kanka ne kaɗai zaka taɓa ba wanda zai kai ka ƙara, shi ya sa yara da yawa suka koma can, ba wai don sun zauna sun zaɓi tsafta ba.

Baba Mai Ritaya: Yara ku ba ni wuri in sa baki. Ni na taso ne da Samanja Mazan Fama, a rediyo da talabijin na Kaduna. Marigayi Usman Baba Pategi, Allah ya gafarta masa, ya rasu a Nuwamban 2023. Abin da ku ba ku sani ba shi ne mutumin nan soja ne na gaske kafin ya zama sojan wasa, kuma Banufe ne daga Pategi. Da yake kwaɓa Hausa da Turancin bariki, yana hura hanci yana tsawa ga kurata, daga baya a gida ko gaban hafsa ya yi laushi, gidansu yake zolaya, kakinsa yake zolaya. Da wani farar hula ne ya yi haka da sojoji sun ji haushi. Amma a bariki har rububin kallonsa ake, kowa na nuna samanjan kamfaninsu yana cewa wallahi wane ne sak. Kuma ban taɓa jin an raina Usman Pategi a titi ba, in ya shigo taro tashi ake a gaishe shi. Don me? Don halin Samanja ya sa a gaba, girman kai da rashin ilimi da cika baki, bai sa halittar Usman a gaba ba. In an gama ɗauka ya cire kaki ya sa babbar riga ya koma dattijonsa.

Maman Ilham: Allah ya ƙara girma Baba. Wannan ita ce maganar da nake ta lalube. Kaki ana cire shi. Ƙiba da gajarta da baƙi da haƙora da su zaka koma gida.

Abban Sadiq: Baba na ji, amma ai Ibro sunan ya bi shi har kabari, mutane nawa ne ke ce masa Rabilu? Kuma bai rage shi da komai ba.

Baba Mai Ritaya: Sunan ya bi shi, gaskiya ne. Amma ka tambayi kanka me kake wa dariya in kana kallonsa. Kwaɗayin ne da wayon banzan da kullum ke komawa kansa. Kuma wannan kwaɗayin kowa na da ɗan nasa a ɓoye, shi ya sa dariyar ke da daɗi, kana yi masa kana yi wa kanka. Ɗan'uwan mijin Hajiya kuwa in ya fasa kujera, siriri da ke kallo ba kansa yake gani ba, wani yake gani can ƙasa da shi.

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum, wanga zance ya yi min daɗi ƙwarai. Mu nan Nijar abin da munka gada shi na wasan barkwanci tsakanin dangi da ƙabilu, Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Ba'are, Bafillace da Babarbare, kamar yadda ku can kuke da Kanawa da Zagezagi, ga kuma na taubasai da na jika da kaka. Har UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014 da sunan Nijar. To ku duba yadda magabata sunka tsara shi. Ba kowa ka taɓa ka ba, akwai wanda al'ada ta ba izini, kuma kai ma kana da izinin ramawa, in ya ce maka bawana kai ma gobe ka ce mishi bawana, ba mai hushi, kuma in rigima ta tashi shi wanga abokin wasan shi ka shiga tsakani. Kun ga akwai ramuwa, akwai iyaka, akwai zumunci ƙarƙashi. Wanda ya hau intanet ya zagi kainai, ya buɗe ƙofa ga mutane dubbai da bai sani ba, ba su da wasa da shi, ba ya iya rama musu, kuma ran da ya kwanta ciwo ba mai zuwa dubiya cikinsu.

Ummulkhairi: Salam. Ni ɗalibar nazarin halayyar ɗan Adam ce, kuma wannan batun mun karanta shi. A 2003 wani malamin jami'a a Kanada, Rod Martin, shi da abokan aikinsa suka fitar da wani ma'auni mai tambayoyi 32 da ya kasa raha gida huɗu: wadda ake yi don a haɗa zumunci, wadda mutum ke yi don ya sauƙaƙa wa zuciyarsa wahala, wadda ake yi don a muzanta wani, sai wadda mutum ke ƙasƙantar da kansa don mutane su karɓe shi. Abin lura shi ne sun bambanta raha ta biyu da ta huɗu duk da daga nesa kamar abu ɗaya ne. Wanda NEPA ta ɗauke wuta yana tsakar guga ya yi dariya ya wuce daban, wanda kullum sai ya riga kowa kushe kansa don kar a riga shi daban. Wannan ta huɗun sun same ta tana yawan tafiya tare da damuwa da raina kai. Ba wai an ce ita ke jawo ciwon ba, tare dai ake ganinsu. Kuma don adalci, a 2018 wasu masu bincike a jami'ar Granada ta Sifen sun samu kusan akasin haka a wajen mutanensu, masu zolayar kansu sun fi nuna walwala. Ni abin da na fahimta shi ne ya danganta da inda kake da kuma matsayinka a idon masu dariyar. Mai kuɗi ko mai mulki in ya zolayi kansa sai a ce kai wane ba girman kai. Talaka in ya yi, sai a ce ai dama.

Abban Sadiq: Malama Ummu wannan na ƙarshen ya zauna min. Amma ai a waje manyan 'yan barkwanci da shi suka yi kuɗi. Kevin Hart na Amurka gajartarsa ce rabin jarinsa.

Ummulkhairi: Haka ne, kuma bai tsaya kan gajarta ba, ya tsaya gaban dubban mutane ya ba da labarin shaye-shayen mahaifinsa ana tafi. Can ana kiran wannan jarumta da faɗin gaskiya. Kawo shi Kano ko Zariya ka ga, kafin ya sauko daga dandamali baffanninsa sun kira taron dangi. Shi ya sa kwafo salonsu kai tsaye ba zai yi mana ba.

Malam Tudunwada: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na bi zancen tun daga sama, Allah ya saka wa kowa. Addini bai hana raha ba, Annabi (SAW) yana raha amma ba ya faɗin sai gaskiya, kuma cikin sahabbai akwai Nu'aiman da ya shahara da ban dariya. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da aibantawa da jifa da munanan laƙubba, wannan ya rufe ƙofar masu kwaikwayon guragu da masu in'ina, ba ma sai an ja ba. Amma kan ainihin tambayarku akwai ƙissar da nake so ku riƙe, tana cikin Shama'il na Tirmizi. Wani sahabi baƙauye mai suna Zahir, ba shi da kyan fuska, yakan kawo wa Annabi (SAW) tsarabar ƙauye. Wata rana yana kasuwa yana sayar da kayansa sai Annabi (SAW) ya zo ta bayansa ya rungume shi, yana raha yana cewa wa zai sayi wannan bawan. Zahir ya ce ya Ma'aikin Allah ai kuwa zaka same ni kayan da ba ya sayuwa. Kun ga nan shi ya kushe kansa. Annabi (SAW) bai bar maganar ta wuce a haka ba, ya ce masa amma a wajen Allah kai mai tsada ne. Ni duk sanda na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi. An yi wasan, an yi dariyar, amma da mutumin ya fara rage wa kansa daraja sai aka mayar masa da ita nan take. Mu masu kallo yau in yaro ya ce ni mummuna ne ba mai sona, me muke rubuta masa a ƙasa?

Autan Hajiya: Malam alamar dariya ake jerawa, wasu ma su ƙara da nasu.

Malam Tudunwada: To ka gani. Sai abu na biyu a gajarce, masu fitowa su ba da labarin saɓon da suka yi a ɓoye don a yi dariya, na sha kaza na je wajen kaza, akwai hadisi a Bukhari da Muslim kan wanda Allah ya rufa masa asiri da dare ya wayi gari yana yaye wa kansa. Wannan ba ma batun mutunci ba ne kaɗai.

Baba Mai Ritaya: Malam ya tuna min da 'yan kama. Ku yaran yanzu da wuya kun gan su. Muna yara in ana biki ko ranar kasuwa sai ka ga ɗan kama ya shigo fili da naɗin rawani na tsumma ya fi kansa girma, ga takobin katako a rataye, ga wani ƙaton carbi, ya zauna ya gyara murya kamar mai shirin wa'azi, kowa ya yi tsit, sai ka ji ashe duk karatun na tuwo ne da miya da fura, yana lissafa yadda ya kwana yana mafarkin ƙasan tukunya, yana rantsuwa shi ba don abinci ya zo ba alhali idonsa na kan kwanon da ke hannun wata tsohuwa. Mata na dariya har da riƙe ciki, malamai ma na gefe suna murmushi duk da sun san da su ake. Ya ɗora wa kansa kwaɗayi don ya samu hanyar faɗa wa masu rawani abin da ba mai iya faɗa musu. Wato zolayar kan nasa tana da inda ta nufa. Ita nake nema a bidiyon yanzu ba na gani.

Abban Sadiq: Baba akwai masu yi har yanzu fa, kar mu yi musu kuɗin goro. Akwai yaran da ke fitowa a magidancin da albashi ya ƙare masa ran goma ga wata yana ɓuya wa mai shago, ko saurayin da ya ari takalmi ya je zance. Wannan ai kansu suke zolaya kuma kowa na ganin kansa a ciki. Ni har yanzu ina nan kan bakana cewa ya fi zagin wasu nesa ba kusa ba.

Maman Ilham: Ba wanda ya ce zagin wasu ya fi, Abban Sadiq. Na magidanci da mai shago ni ma ina kallo ina dariya har in tura wa maigidan. Wanda nake ƙi shi ne wanda za ka sa jikinka ko gidanku a faranti. Hausawa suka ce mutunci madara ne, kuma a gidan da na ba ku labari ba a kan uban ta zube ba, a kan yarinyar ta zube. Har yau uwar na fama da ita kan cin abinci, an canza mata islamiyya ma, can ɗin ma akwai masu waya a gidajensu.

Ɗan Maraɗi: Allah shi ba ta lahiya Hajiya. Shi uban ya daina?

Maman Ilham: Ya rage dai. Ya ce akwai tallan da ya riga ya karɓi kuɗinsa sai ya gama.

Autan Hajiya: Anti ni ma matsalata kenan, akwai mai shagon waya da na karɓi kuɗinsa bidiyo uku, kuma na haƙoran yake so don shi aka san ni da shi. Ba ni da mata ba ni da 'ya'ya tukuna, ni kaɗai ne sai Hajiyarmu, ita kuma ba ta TikTok.

Maman Ilham: Ita ba ta yi, maƙwabtanta suna yi, kuma ran da ka je neman aure masu bincike wayarka za su fara buɗewa kafin su je unguwarku. Ka cika wa mai shagon alƙawarinsa tunda ka ci kuɗinsa, amma kafin ka ɗora ka zaunar da Hajiya ka kunna mata ɗaya daga farko har ƙarshe, kai kuma kar ka kalli wayar, ita zaka kalla. In ta ce ba komai ka ɗora, ni ba zan ƙara ce maka uffan ba.

Autan Hajiya: To Anti. Gobe in na je gaishe ta zan kunna mata, zan dawo nan in faɗa muku abin da ta ce.